Shafin shagon atamfa a Katsina: ƙa'idar masana da abin da hannun masu saye ya nuna

A cikin babbar kasuwar Katsina akwai wani shagon atamfa da shadda da leshi wanda kaso mai yawa na cinikinsa ya koma cikin waya tun lokacin ƙarancin takardun naira na farkon 2023. Mutanen da a da sai sun tako da kuɗi a jaka suka koyi turawa ta banki ko ta OPay da Moniepoint, daga nan kuma suka gane cewa takowar ma ba dole ba ce. Hajiya tana zaune a Daura ko Funtuwa ko Abuja, ta ce a turo mata hotunan sababbin kaya, ta zaɓa, ta tura kuɗi, a kai ƙunshin tasha a ba direba. Har daga Maraɗi ana irin wannan ciniki.

Albarkar ta zo da nata nauyin. Yaran shago su wuni kai a sunkuye suna tura hotuna ɗaya bayan ɗaya, suna amsa tambayoyin da ba sa canzawa: nawa ne turmi, akwai shi da wani launin, guda nawa ya rage. Wanda ya zo shagon da ƙafarsa yana tsaye yana jira. Ɗan ƙanwar mai shagon, wanda ya karanci ilimin kwamfuta, shi ya kawo shawarar a buɗe shafin intanet, kowa ya shiga ya ga kaya da kansa, ya saya ba tare da ya tsayar da kowa ba. Alhaji ya amince, ya biya kuɗin aikin.

Ni an sa ni cikin maganar ne daga baya, da gardama ta yi tsami tsakanin kawu da ɗan ƙanwarsa, saboda ina koya wa matasa aikin gina shafuka. Sunan shagon da na mutanen na bar su a rufe.

Shafin farko

Yaron bai yi ha'inci a aikinsa ba. Abin da ake yabawa a wannan sana'a shi ya yi. Ya sayi ƙirar shafi da aka riga aka tsara, irin wadda ake sayarwa ga kowa a duniya, ya zuba kayan shagon a ciki. Fuskar farko fara fat, da babban hoto guda na wata mata wadda da gani ka san ba 'yar ƙasar nan ba ce, a ƙarƙashinta jimla ɗaya ta Turanci da siririn rubutu mai ruwan toka. Sassan shafin duka an ɓoye su a bayan ƙananan layukan nan uku da ke kusurwar sama. Mai son saye zai jefa kaya a kwando, ya yi rajista da imel da kalmar sirri, ya cike adireshi, sannan ya biya da katin banki. Lambar wayar shagon tana can ƙarshe, a wani sashe dabam, kusa da wani fom na aika saƙo.

A kan kwamfutarsa abin ya yi kyau ƙwarai, abokan karatunsa kuma suka yaba. Aka baza adireshin a Facebook da WhatsApp. Ma'aunin ziyara ya nuna mutane suna shiga, amma oda ta cikin shafin ba ta zuwa sai jefi-jefi. Abin da ya fi ɓata wa Alhaji rai shi ne mutum ya shiga, ya fita, ya dawo WhatsApp ya ce a turo masa hotuna, kamar dai ba a yi komai ba.

"Kai yaro, ina kayan? Duk wanda ya leƙa wannan abin zai ce na karye."

"Kawu, haka manyan kamfanoni suke yi. Idan aka cika fuska da kaya idon mutum yana rikicewa."

"To ni ba haka nake so ba. A fito mini da kayana waje."

Abin da Alhaji ya nema a fili yake. Hotuna su riƙa juyawa da kansu a sama, rubutu ja da kore yana gudu yana shelar sababbin kaya, murya ta yi sallama da zarar an buɗe, kuma duk abin da ke shagon ya bayyana a fuska ɗaya. Ya tambayi wasu daga cikin abokan cinikinsa, suka ce wannan ya fi. Yaron kuwa yana da nasa hujjojin daga abin da ya karanta. Kowa yana da shaidu, ba wanda ya taɓa zama ya kalli mai saye yana amfani da shafin.

Zama da masu saye

Dabarar da muka bi tsohuwa ce a wannan fanni. Jakob Nielsen, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin bincike na Nielsen Norman Group a 1998, ya yi bayani a shekarar 2000 cewa mutum biyar sun isa su tona mafi yawan matsalolin shafi, muddin za a ba su aiki a zuba musu ido. Muka nemi mutane iri-iri daga cikin masu hulɗa da shagon: dillaliya, tela, ɗalibar da aka ɗora wa fitar da anko, dattijo mai sayen shaddar Sallah. Matan da ba su cika fitowa kasuwa ba, ƙanwar yaron ce ta bi su gida, kuma ba don ita ba da mun rasa mafi muhimmancin masu sayen, domin kayan lefe a hannun mata suke. Kowa ya yi amfani da wayarsa, muka saya masa data. Aikin kuma ɗaya ne: nemo atamfa mai ruwan ganye, ka gano kuɗinta, ka saya.

Akwai abin da duk mai irin wannan aiki a ƙasar Hausa ya kamata ya sani. Idan ka tambayi Bakatsine ra'ayinsa a kan abin da ɗan gidan ya yi da hannunsa, amsar da za ka samu ita ce "ya yi kyau, Allah ya sa albarka." Kara ba za ta bar shi ya ce bai gane ba, kunya kuma ba za ta bar shi ya nuna ya kasa ba. Kusan duk wanda muka zauna da shi ya yabi shafin da bakinsa, har waɗanda suka kasa gano kuɗin atamfar. Shi ya sa tambayar da Alhaji ya yi wa abokan cinikinsa ba ta tabbatar da komai ba, haka ma yabon abokan yaron. Yatsa ne ba ya kara. Inda ya tsaya yana shawagi a kan fuskar waya, nan matsala take.

Matsala ta farko ta zo tun kafin a ga komai. Wayoyin mutanen mafi yawa Tecno ne da Itel da Infinix, wasu sun sha jiki, ma'ajiyarsu ta cika da bidiyon biki da wa'azi. A cikin rumfunan kasuwa sabis yana hawa yana sauka. Babban hoton nan na fuskar farko, wanda aka ɗora shi da cikakken nauyinsa, sai ya riƙa saukowa a hankali, mutum yana kallon farin fili. Dillaliyar ba ta jira ba, ta fita ta sake shiga, ta ce layin ne ba shi da kyau. Telan kuma abin da ya fara dubawa shi ne datarsa nawa ta tafi. A nan ƙa'idar masana tana tare da masu saye ɗari bisa ɗari. Binciken da Google ya fitar a 2016 ya nuna kashi 53 cikin ɗari na masu shiga shafi ta waya sukan bar shi idan ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba, kuma a 2020 kamfanin ya sa daƙiƙa 2.5 a matsayin iyakar lokacin da babban abin da ke fuskar shafi ya kamata ya bayyana. Idan haka lamarin yake ga masu intanet mai ƙarfi, ina ga wanda yake sayen data ta kwana ɗaya? Tun daga Janairun 2025, da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi har zuwa kashi 50 cikin ɗari, nauyin hoto ya zama kuɗi ne kai tsaye daga aljihun mai saye.

Da shafin ya buɗe, sai maganar Alhaji ta tabbata. Farin filin da masu zane suke kira numfashin shafi, masu saye sun ɗauke shi a matsayin shagon da kaya suka ƙare a cikinsa. A kasuwarmu mai atamfa yana jera turame tun daga ƙasa har rufi, domin cikar shago ita ce shaidar cewa mai shi yana da jari kuma zai iya fitar da ankon mutum ɗari ba a samu giɓi ba. Wanda idonsa ya saba da wannan, idan ya ga hoto ɗaya da jimla ɗaya, ba tsafta yake gani ba. Hoton baƙuwar matar ma ya jawo zargi. Wata daga cikin matan da aka bi gida ta ce wannan ai irin hoton da 'yan damfara suke sawa ne.

Layukan nan uku kuwa, matasan ne kaɗai suka taɓa su ba tare da tunani ba. Dattijon ya yi ta ja sama yana ja ƙasa, bai taɓa zaton akwai wani abu a bayansu ba. A wayar da take amfani da manhajar shiga intanet ta Opera Mini alamar ma ba ta fito ba sam, saboda wannan manhaja, a yanayinta na tsimin data, tana matse shafi ne a na'urorin kamfanin kafin ya iso waya, kuma ba ta sauke salon haruffan da aka zana alamomin da su. Abin lura a nan shi ne masu bincike da yawa ba su goyi bayan ɓoye jerin sassa ba. Alamar ta samo asali ne daga aikin Norm Cox a kwamfutar Xerox Star ta 1981, ta yi kasuwa ne da zuwan wayoyin zamani saboda ƙarancin fili, amma gwajin da Nielsen Norman Group suka yi a 2016 ya nuna cewa abin da aka ɓoye a bayanta mutane ba su cika gano shi ba, ko a Amurka da Ingila.

Haka zancen siririn rubutu mai ruwan toka. Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa amfani da shafuka ga kowa, waɗanda W3C, ƙungiyar da take tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar a 2008, sun ce bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa kada ya gaza 4.5 bisa 1. Da muka auna na shafin, bai kai ba. A cikin ɗaki ana iya lallaɓawa a karanta, amma a tsakiyar ranar Katsina, a kan wayar da aka rage wa haske don tsimin caji, gilashinta kuma ya tsage, rubutun ɓacewa yake yi. Madannan kuma an yi su babu iyaka babu inuwa, irin salon da ya bazu bayan Apple ta fitar da iOS 7, tsarin wayarta ta iPhone, a 2013, har mutum ba ya bambance abin dannawa da abin karantawa. Wannan ma an auna shi: a 2017 masu binciken Nielsen Norman Group sun samu cewa mutane sukan ɗauki ƙarin kashi 22 cikin ɗari na lokaci a shafin da madannansa ba su fito fili ba.

Wannan ne ya sa na ce wa yaron yawancin abin da yake karewa ba ƙa'ida ba ne, yayi ne. Yayin masu zane ne, wanda suke koya daga juna, suke yaba wa juna a kai, masu sayar da ƙirar shafi kuma suke zubawa a kayansu domin shi yake ɗaukar ido a hoto. Ƙa'idojin da aka samo daga auna idon mutum da yatsansa da haƙurinsa suna nan a rubuce, kuma shafin ya karya su.

Inda ƙa'idar kanta ba ta kai ba

Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce a gyara kurakurai a wuce. Amma a wurin kwando da biyan kuɗi mun ga wani abu dabam.

Babu wanda ya kammala sayayya ta hanyar da aka tsara. Wasu sun tsaya a wurin imel. Suna da shi, domin ba a buɗe wayar Android sosai ba tare da shi ba, amma mai gyaran waya ko wani yaro ne ya buɗe musu, ba su san kalmar sirrin ba, ba su taɓa leƙa shi ba. Wannan gyaransa mai sauƙi ne, kuma masana sun daɗe da faɗa. Cibiyar Baymard ta ƙasar Denmak, wadda ta ƙware a nazarin shagunan intanet, tana lissafin cewa kimanin kashi 70 cikin ɗari na kwandunan sayayya ana watsar da su, kuma tilasta wa mutum rajista yana cikin manyan dalilai. Sai yaron ya cire rajistar, muka sake gwadawa. Mutane suka wuce wannan mataki, suka zo wurin sa lambar kati, suka tsaya cak. Ɗalibar ma, wadda ta fi kowa sabo da waya, ta ɗago kai ta ce, "Yaya, ba lambar da zan kira?"

Duk tsarin shagon intanet an gina shi ne a kan tunanin cewa mafi kyawun ciniki shi ne wanda aka gama ba a yi magana da kowa ba. A inda aka tsara shi, akwai abin da yake riƙe da amana: idan kaya ba su yi ba ka mayar, idan an cuce ka banki ya bi maka haƙƙinka, gidanka yana da lamba mai kai saƙo zai same shi. A nan abin da yake riƙe da amana shi ne mutum. Kowa ya san wani da aka kira shi a waya aka ce daga banki ne, aka karɓi lambobin katinsa aka kwashe masa kuɗi, kuma bankunan da kansu kullum gargaɗi suke yi kada a ba kowa waɗannan lambobi. Mutumin da ya ƙi rubuta su a shafin da bai san mai shi ba hankali ya yi. Turawa ta asusu kuwa ya yarda da ita, domin sunan mai asusun yana fitowa kafin kuɗi su tafi, ya gwada shi da sunan Alhajin da ya sani.

Sannan atamfa ba abin da ake saye daga hoto ɗaya ba ce. Launin da kyamara ta ɗauka a ƙarƙashin ƙwan lantarki dabam ne da na rana. Mai sayen shadda yana so ya ga sheƙinta idan an motsa ta, ya ji ƙararta. Mai fitar da anko tana so ta ji daga bakin mutum cewa turamen da suka rage za su isa, kuma idan ba su isa ba za a iya samo irinsu daga Kantin Kwari a Kano kafin ranar biki. Ba a cinikin biri a sama. Ga kuma tayi, wanda ba ragin kuɗi kaɗai ba ne. Dillaliyar da ta shekara tana ɗaukar kaya a shagon tana da nata farashin, wani lokaci ta ɗauka ta biya bayan ta sayar. Kwando bai san wannan ba, kuma ba shi da wurin da za a ce "Alhaji a duba mini."

Wannan ba abin da aka fara gani a Katsina ba ne. Indrani Medhi da abokan aikinta a cibiyar binciken Microsoft da ke Bangalo sun shafe shekaru suna nazarin sababbin masu amfani da waya da masu ƙarancin karatu a Indiya da Kenya da Filifin da Afirka ta Kudu. Sun samu cewa jerin zaɓi mai hawa-hawa yana wahalar da mutane, hoto da murya suna taimakawa, kuma a wasu ayyukan magana da mutum mai rai ta fi duk wani tsarin rubutu fitar da sakamako daidai. Masu sayen namu da yawansu suna da karatu, na boko ko na allo ko duka, amma saƙon murya ya fi musu sauƙi da daɗi, kamar yadda duk mai WhatsApp a garin nan ya sani.

Zancen cikar fuska da launi ma an auna shi. A 2014 Katharina Reinecke ta jami'ar Michigan da Krzysztof Gajos na jami'ar Harvard sun fitar da sakamakon wani gwaji da kusan mutum 40,000 daga ƙasashe 179 suka shiga, inda aka nuna musu shafuka suka faɗi wanda ya burge su. Ya bayyana cewa yawan launi da yawan kayan da mutum yake so a shafi yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma yana bin shekaru da jinsi da zurfin karatu. Mata, a jimlace, sun fi maza son shafi mai launi. Ke nan babu wani kyau guda ɗaya na duniya da za a ce kowa ya bi. Ɗanɗanon da ya mamaye ƙirar shafuka na wani rukunin mutane ne, kuma ba su ne masu haɗa lefe a Katsina ba.

Gwajin abin da Alhaji ya nema

Adalci ya sa muka gina wa Alhaji nasa samfurin ma, yadda ya faɗa, muka ba wasu mutanen. Da farko fuskoki sun saki. Launin ya burge, cikar ta burge. Da aka zo aiki sai abin ya juya. Wata ta ga atamfar da take so a cikin hotuna masu juyawa, kafin ta kai yatsa ta wuce, ta danna wadda ta biyo baya, ta koma tana jiran waccan ta zagayo. Rubutu mai gudu ba wanda ya karanta shi har ƙarshe. Muryar sallama kuwa ta sa wata mata ta yi sauri ta kife wayar, domin da dare take duba kaya, yara suna barci. Shafin kuma ya fi na farko nauyi.

Alhaji yana tsaye yana kallo. Bai yi gardama ba. Ya ce a cire muryar da juyawar, amma kayansa su zauna a waje. A ganina a wannan gaɓar ya fi mu duka gane abin da ya dace, domin ya raba abin da ya sani daga shekarunsa na kasuwa, wato mai saye yana son ganin kaya, da abin da kawai ya gani a wasu shafuka ya burge shi.

Shafin da aka tsaya a kai

Fuskar farko yanzu tana buɗewa ne da sunan shagon, da hoton gabansa na gaske, da lambar waya da manyan haruffa. A ƙasa akwai madannai huɗu a fili masu launi, kowanne da hoto da suna: atamfa, shadda, leshi, kayan lefe. An yi su da faɗi yadda babban yatsa ba zai kuskure ba, daidai da abin da Google da Apple suke ba da shawara a kan girman madanni. Sai kayan da kansu, biyu-biyu a jere, ƙananan hotuna marasa nauyi waɗanda ba sa saukowa sai an ja an iso gare su. Fuskar a cike take, amma a jere. An ɗauki hotunan a ƙofar shago da hantsi, a kan farin yadi ɗaya, domin launi ya fito yadda yake. Bidiyon shadda yana nan ga mai so, ba ya kunna kansa, kuma an rubuta nauyinsa a gefe.

Kowane kaya yana da gajeriyar lamba da kuɗinsa, da madanni kore guda: "Yi magana da shago." Idan an danna sai WhatsApp ya buɗe da lambar kayan a rubuce, don haka yaron shago ya san abin da ake nufi ko da saƙon murya ne ya biyo baya. An bar biya da kati a matsayin zaɓi na biyu saboda masu saye daga Abuja da Legas da suka saba da shi. Kwatancen shagon an rubuta shi yadda ake kwatance a gari, daga wace ƙofa za a shiga, layin su wa za a bi, a gefen taswira.

Harshe ya ɗan ba da aiki. An sa Hausa a gaba, Turanci a matsayin zaɓi. Salon haruffan da ya zo da ƙirar ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai su fito a wani zubi dabam a tsakiyar kalma, a wasu wayoyin ma ɗan akwati ne yake fitowa. Aka koma haruffan da wayar take da su tun asali, wanda ya rage nauyi kuma. Wurin bincike aka gyara shi ya karɓi kalma ko an sa lanƙwasa ko ba a sa ba, tunda mafi yawan mutane ba sa sawa idan suna rubutu a waya.

Rubuta kuɗi a fili shi ne abin da Alhaji ya fi jinkiri a kai. Tsoronsa maƙwabta su gani su rage nasu, sannan tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023 kuɗin kayan da ake shigowa da su ba ya zama wuri ɗaya. Amma a gwajin, kayan da ba kuɗi a jikinsu mutane wuce su suke yi, wasu don kunyar tambayar abin da ƙila ya fi ƙarfinsu. Aka daidaita a kan rubuta kuɗin sayen ɗai-ɗai tare da ranar da aka sabunta shi, na sari kuma sai an yi magana.

Abin da ya sauya ana ganinsa a cikin saƙonnin. A da suna farawa ne da "a turo mini hotuna." Yanzu da yawa suna zuwa da lambar kaya, tambayar kuma ta koma ta adadi da ranar da za a kai tasha. Ciniki har yanzu a WhatsApp yake ƙarewa, wanda a ma'aunin masu shagunan intanet za a lissafa shi a matsayin kasawar shafi, tunda ba a biya a cikinsa ba. Ban yarda da wannan lissafi ba. Aikin da aka ɗauki shafin ya yi shi ne ya sauke wa yaran shago nauyin tura hotuna, ya kuma kawo mai saye ya riga ya zaɓa, kuma yana yi.

Akwai abubuwan da ba a warware ba. Lissafin ciniki yana warwatse a cikin hirarraki, idan wayar shagon ta ɓace ya tafi da ita. Lambobin matan aure suna taruwa a wayar da samari suke riƙewa, kuma wasu magidanta ba sa son haka, shi ya sa ake shawarar a ware layi guda a hannun mace don kayan lefe. Babbar barazanar kuma ita ce kayan da suka ƙare su ci gaba da zama a shafi. Sau biyu ko uku mace ta zaɓi atamfa aka ce mata babu, ta daina yarda da abin da take gani, ta koma neman hotuna. Yaron ya yi wa shagon wani sassauƙan wurin shiga ta waya, inda danni ɗaya yake sa wa kaya alamar "ya ƙare," aka kuma ɗora wa babban yaron shago alhakin bin kayan kowace yamma kafin a rufe. A makonnin gab da Sallah, da shago ya cika da jama'a, wannan aikin ne ake fara mantawa da shi, kuma har yanzu ana neman wanda za a ware masa shi kaɗai.